Bayan Jirgin Kwamanda Ya Tashi

Kwamandan sojojin ƙasar waje ya tsaya a ƙofar jirgi, lambar yabo na ƙyalli a ƙirjinsa. Ta bakin tafinta ya ce wa kyaftin ɗin gwamnati, "Mun kashe muku shugaban 'yan tawaye. Shara ce kawai ta rage, ku ƙarasa."

Kyaftin ya ƙame ya sara masa, ya wuce gida. A tsakar gida ya tarar da mamacin zaune kan tabarma, yana suɗe kwano hankali kwance. Nan take ya kai hannu ga bindiga.

"Ajiye ta, auta," in ji mahaifiyarsu, tana miƙo masa ruwan wanke hannu. "Baƙo ya tafi da nasararsa. Kai kuwa, ko harbe shi za ka yi, sai ka fara durƙusawa ka gaida yayanka."