Muciya a Hannun Hagu

Tun rasuwar matarsa Jannat, Safiyanu ke koyon tuƙa tuwo shi kaɗai a gidansa na Kiyako, kullum sai gudaji. Hapsatu, bazawara 'yar kawunsa, ta kawo masa miya, ta tsaya tana kallonsa.

"Yaya, ya kake riƙe muciya da hagu?"

Ya dubi hannunsa. Jannat bahaguwa ce, kuma shekara goma yana zama kusa da murhu yana kallonta.

Ya sassauta murya. "Hapsatu, ina so in turo manya wajen Kawu."

Ta ajiye kwanon a hankali, idonta a kan muciyar.

"Kada ka turo tukuna, Yaya. Har yanzu da mace a gidan nan."

Ta fita. Tuwon ya fara ƙauri, shi kuwa bai sauya hannu ba.