Hayaƙin Jirgin Gwangwani

Ina yaro a Argungu ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, amma kakana ya yi aiki a tashar Ƙaura kafin ya makance. Wata la'asar na haɗa nawa da gwangwanaye, na ɗaura masa igiya, na zuba tsakuwa don ya yi ƙara, na sa garwashi da ɓuntun shinkafa. Burina ya yarda jirgi ne.

Ya shinshina. "Wanga hayaƙin tuwo na, ɗan nema."

Na fusata, na ce makaho bai san jirgi ba. Har yau maganar tana ba ni kunya. Dariya ya yi, ya ce in ɗiga baƙin mai kan garwashin. Na ɗiga, na ja igiyar.

Ya gyara zama. "Awo, ga shi nan tahe! Ja shi sannu, in samu in shiga."