Idon Baba Yuguda

Baba Yuguda ya rantse shi ya fara ganin jinjirin watan azumi, kamar kowace shekara tun zamanin fari. Da maganarsa ƙauyen ke ɗaukar azumi.

Ɗansa Tasi'u, malamin kimiyya a Kano, ya ce a hankali, "Baba, ko na'urar da ke shawagi a sama tana hango taurari da hasken hoton ƙashi, idonta dushewa yake da tsufa. Sai ana gwada shi."

"Ƙarfen banza! Ni da na sha yunwa har na ci tafasa ban makance ba? Bokonka ya ƙare a raina ubanka."

Ya ɗaga sandarsa. Jama'ar da suka taru neman wata, suna fuskantar yamma, suka waiwayo. Gabas sandar take nunawa.

"Ga shi can. Mai musu ya matso ya duba."