Famfon da Ba Ya Ruri

Ya kunna sabon famfon zuƙar iska, amma ɗakin tsit. Tsohon famfon, mai zuƙe ɓurɓushin da allura ke kankarowa idan maigidan yana naɗar waƙa a faifan garmaho, rurinsa ya kusa korar uwargida daga gidan. Sai da ya zaga kasuwar Alaba yana kara kunne jikin famfuna kamar likita kafin ya zaɓi wannan.

Allura ta sauka, kiɗan juju ya tashi. Ya lumshe ido ya bi waƙar da ƙarfi, yadda ya saba.

Matar ta leƙo, muciyar amala a hannu.

"Baban 'yan biyu, dama haka muryarka take?"

Ya washe baki. "Kin ji zuma ko?"

"Tsohon famfon nan, Allah ya sa ba ka jefar ba."