Jirgin Dawa Ya Ƙi Tashi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Jirgin saman da ke kawo dawar taimako Maraɗi ya ƙi tashi, ga rabonmu na Tsibiri sai a sawu na gaba. A sake waya, wuta ta kawo, ta kuma ɗaukewa. Mu mata muna gefe muna tsintar ƙwayar da ta zube.

Wani tsohon makaniki ya ce ya gaji, a ɗaga daɓen jirgin. Da aka ɗaga sai ya yafuto ni.

"Ɗiyata, zo ki ga mai kashe muna wuta."

Laimar da jirgin ke kwasowa cikin gajimare ce ta taru, tana jiƙa wayoyi. A cikinta dawa ta tsiro, fara sol, ba ta taɓa ganin rana ba. Ya zuba mini tsiron a tafin hannu.

Aka tsane laimar, da la'asar jirgi ya tashi. Washegari na dasa tsiron bayan ɗakinmu, na raba ruwan shana da shi.