Goyon Baba Zuwa Gidan Sori

Rabo ya ƙara tamke rawanin a ƙirjinsa, ƙulli biyu, don kada tsohon ya zame daga bayan keken. Kan Baba na jingine tsakanin kafaɗunsa, fuska rufe da amawali. Ƙafafun kuwa tun a bayan asibitin Maraɗi ya ɗaure su a jikin kariyar keken, kada wayar taya ta ci su.

Jiya da la'asar tsohon ya riƙe masa hannu ya ce, "Kada ka bar ni garin nan, Rabo. Ka mai da ni Gidan Sori." Rabo ya ce to. Da safe ya nemi takardar fita, aka ce buro, wato ofis, a rufe yake, yau ranar 'yancin kai ce, ya dawo jibi. Bai yi musu ba. Ya ari keken wani ɗan garinsu, ya jira ma'aikata suka tafi kallon fareti, ya ɗauko ubansa.

Damina ta yi kyau bana. Gero ya kai wuyan mutum, iska na kaɗa shi yana sheƙi. Gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba, ya tsaya tsirara cikin kore. Can gangare gulbi ya kawo ja wur, balbelu na bin shanun Fulani a bakinsa, fari fat.

"Baba, ga gulbi ya cika," in ji Rabo a hankali. "Kai ka ce bana sai ya taɓa gindin kukar nan. Ya taɓa."

Inda rairayi ya yi yawa, kowane mai keke sauka yake ya tura. Shi ba dama. Sai ya bi gefen gona inda ƙasa ta yi tauri, yana danna feda har cinyoyinsa na rawa.

A bakin Tibiri ya tarar an gicciya igiya a hanya. Jama'a maƙil, ganguna, 'yan tutoci na takarda. Wai tseren keke ake daga Gidan Rumji, ba mai wucewa sai 'yan tsere sun shige.

Rabo ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa. Rana ta take. Ƙaurin man tuya da aka maimaita ya haɗu da tsamin zufa ya cika masa hanci. Wani ya gama suɗe ƙashi ya jefar, ya goge hannu a sirdin keken da ke kusa. Ƙudaje suka baro tiren nama suka yo kansu. Rabo ya miƙa hannu baya yana korarsu daga rigar Baba, su tashi, su dawo.

Jandarman da ke riƙe da igiyar ya matso yana taunar goro.

"Kai, mi ya samu tsohon nan?"

"Daga asibiti muke, ranka ya daɗe."

"Ina takarda?"

Rabo ba shi da ita. In aka juya su Maraɗi, shi ke nan, alkawari ya tashi. Jandarman ya tsartar da jan yawu, ya faɗi dab da yatsun Baba. Rabo ya dubi yawun.

"A'a, Rabo! Ƙyale su, mutanena ne."

Iro ne, wanda suka zauna benci ɗaya a lakol, makarantar boko, kafin Baba ya cire Rabo ya mai da shi gona. Yanzu yana aikin buro, ya matse cikin kwat, turare da gumi na faɗa a jikinsa. Jandarman ya ɗaga kafaɗa ya koma wajen igiyarsa.

Iro ya ɗan rusuna. "Baba, barka da rana. Barka da 'yanci!"

Sai ya miƙe, ya dubi Rabo.

"Ka gani ko? Har yau fushi yake da 'yan lakol." Ya bushe da dariya, ya waiwaya ko mutane sun ji. Sai ya kamo hannun tsohon da yatsunsa masu maiƙon tsire, ya ɗaga sama yana kaɗawa. "Baba, gai da Nijar! Kai, hannun nan sai ka ce icce. Noma ke nan!"

"Sake shi, Iro."

"Wasa nake..."

"Na ce sake shi."

Guɗa ta ɓarke. Ga 'yan tsere nan tafe, ƙartai da gajeren wando, cinya waje, baki na dalala. Na gaba ya zuba ruwa a ka, ya wurgar da gora cikin mata. Na ƙarshe ya tsaya daidai gabansu ya kelaya amai a kan hanya, jama'a na tafa masa. Aka sauke igiya. Rabo ya kauce wa aman da kyar, ya taka keke bai waiwaya ba.

Daga nan bai ƙara tsayawa ba. Ya wuce rijiyar makiyaya bai nemi ruwa ba. Hanya ta ƙuntata, ganyen gero na shafar gwiwoyinsu su biyu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya wanke masa hanci.

"Saura kaɗan, Baba. Ga rumbunan garinmu can."

Ana sallame azahar suka shiga Gidan Sori. Baffa Garba, ƙanen Baba, yana zaune a ƙofar gida, ya miƙe da fara'a.

"Maraba, maraba! Yaya, har an sallamo ku? Maimuna, kawo ruwa!"

Rabo ya tsaya, keken na tsakanin ƙafafunsa. Ya kai hannu ga ƙullin rawanin.

"Baffa, zo ka tallabe shi in kwance," ya ce. "A kira liman, a aika masu haƙa. Tun kiran assalatu ya cika."