Sarkin Yaƙi a Bayana

Ranar mu huɗu ne a tsakar gidanmu a Maraɗi: Baba, Inna, Baffa Liman yayan Baba, sai ni, ko tallan goro ban isa ba. Baffa ya hango ɗan mutum-mutumin katako da Baba ya zo da shi daga yaƙin Indoshin, lokacin yana sojan Faransa. Ƙamshin turaren can bai sake shi ba.

"Gunki a gidan musulmi? Gobe toka nake son gani."

Baba ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. "Yaya, ba gunki ba ne. Sarkin yaƙin mutanen can ne na dā, kuma babba a fada. Shi ya kori rundunar Sin daga ƙasarsu. Matar da ta yi jinyata ce ta ba ni."

"Toka," in ji Baffa.

Ni ba mai hawaye ba ce. Amma yau a Guangzhou ta ƙasar Sin, in ina sarin kaya a unguwar Liwan na ji turaren nan, ciniki ya ƙare, sai kai da kawowa.

Washegarin maganar Baffa na goya mutum-mutumin da ɗankwalin Inna kamar 'yar tsana, na je na durƙusa gaban Baffa. Ya leƙa bayana, ya daɗe, sannan ya ce, "Uwar jariri, rufe masa kai, akwai rana."